Hatimin Da Ya Ceci Gida: Yadda Mace Kan Zama Notari A Amurka

  Yau za mu ƙetare teku ne zuwa ƙasar Amurka, mu duba wani ɗan aiki da jama'a ba su cika ɗaukarsa da nauyi ba, alhali kuwa gidajen mutane da gadon marayu suna rataye a wuyansa. Aikin nan shi ne na notari, watau mutumin da hukuma ta ba hatimi don ya shaida cewa lallai wance ce ta sa hannu a kan takarda, kuma da yardarta ta sa.

Ga abin da ya jawo maganar. A watan Mayu na 2024 aka buga sanarwa a birnin Memfis na jihar Tenesi cewa za a yi gwanjon gidan nan da ake kira Graceland, gidan shahararren mawaƙi Elvis Presley wanda ya rasu a 1977. Wani kamfani da ba wanda ya san shi ne ya fito da takardu, yana cewa wai 'yar mawaƙin, Lisa Marie, ta ci bashin dala miliyan 3.8 a wurinsa, ta jinginar da gidan, ta rasu a 2023 ba ta biya ba. Takardun suna ɗauke da sa hannu, ga kuma sunan wata notari ta jihar Fulorida a matsayin wadda ta shaida. Wadda aka ce ta sa hannu tana kabari, ba ta da bakin musu. Jikar mawaƙin, Riley Keough, ta garzaya kotu. Da aka tuntuɓi notarin sai ta yi rantsuwa a rubuce cewa ba ta taɓa haɗuwa da Lisa Marie ba, balle ta shaida mata takarda. Ana jajiberin gwanjo alƙali ya tsai da shi. Daga baya aka kama wata mata 'yar jihar Misuri, ta amsa laifinta a 2025, aka ɗaure ta shekara 4 da wata 9. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

To, ki duba fa. Gidan da duniya ta sani, mai lauyoyi da dukiya, saura ƙiris takardar jabu ta cinye shi. Ina ga gidan tsohuwa da mijinta ya rasu ya bar mata, ba ta da kowa sai Allah? Wannan ne ya sa tun 'yan shekarun nan jihohin Amurka suke ta sake duba sharuɗɗan da ake gindaya wa mai son riƙe wannan hatimi. Mu kuwa maganar ta shafe mu ta fuska biyu. Na farko, mata ne suka fi yawa a aikin. Na biyu, mata ne, musamman tsofaffi da waɗanda mazansu suka rasu, suke cikin waɗanda aka fi cuta idan mai hatimi ya yi sakaci.

AIKIN DA KANSA

Idan za a sayar da gida, ko a jinginar da shi ga banki, ko mutum zai ba wani takardar wakilci don ya riƙa taɓa dukiyarsa da sunansa, ko zai yi rantsuwa a rubuce, ana bukatar wani na uku wanda ba shi da ko sisi a cikin cinikin. Aikinsa abu uku ne. Ya tabbatar mai sa hannu ya zo da kansa. Ya tabbatar shi ɗin ne, ta hanyar duba fasfo ko lasin tuƙi ko wani katin shaida na hukuma. Ya kuma lura ko mutumin yana cikin hankalinsa, ba a tilasta masa ba. Idan ya gamsu sai ya rubuta shaidarsa, ya sa hannu, ya buga hatimi.

Ki lura da kyau, notari na Amurka ba ya shaida cewa abin da ke cikin takarda gaskiya ne, ko cinikin na adalci ne. Mutum yake shaida. Ba shi da ikon ba da shawarar shari'a, ko ya rubuta wa mutane takardun da lauya ne kaɗai doka ta yarje wa. In ya yi haka ya shiga gonar da ba tasa ba, ana iya ƙwace hatimin, a kuma gurfanar da shi.

Masu wannan aiki a Amurka sun haura miliyan 4. Za ki same su a banki, da ofishin lauyoyi, da asibiti, da kantin aika kaya, da ofishin makaranta. Da yawansu akawu ne ko sakatarori da maigidan aikinsu ya ce su nemi hatimin don amfanin ofis. Duk da ƙanƙantar muƙamin, ya taɓa rantsar da shugaban ƙasa. A daren 3 ga Agusta na 1923, da labarin rasuwar Shugaba Harding ya iso wani ƙauye a jihar Bamont, mataimakinsa Calvin Coolidge yana hutu a gidan mahaifinsa. Tsohon kuwa notari ne, shi ya rantsar da ɗansa da hasken fitilar kananzir.

KOWACE JIHA DA NATA SHARAƊI

Abin da ya kamata ki fara sani shi ne gwamnatin tarayya ba ta naɗa notari. Jiha ce take naɗawa, jihohin kuwa 50 ne, kowacce da dokarta. Akasari ofishin Sakataren Jiha ne ke ba da takardar naɗi, a wasu wuraren kuma, kamar Fulorida, da sunan gwamna ake bayarwa. Abin da suka haɗu a kai kaɗan ne: mai nema ya kai shekara 18, yana zaune ko yana aiki a jihar, ba a kuma taɓa kama shi da babban laifi irin na zamba ba. Ba a neman digiri, ba a neman ya zama lauya.

Mu ɗauki Kalifoniya, wadda tana cikin masu tsanani. Mace mai son aikin sai ta zauna darasi na awa 6 a wurin malaman da hukuma ta amince da su. Daga nan ta rubuta jarrabawa. In ta ci, a ɗauki hoton yatsunta a aika wa hukumomin tsaro su bincika ko tana da wani tabo a baya. In ta fita tsaf aka ba ta takardar naɗi, tana da kwana 30 kacal ta je ofishin magatakardan gundumarsu ta yi rantsuwar kama aiki, ta ajiye takardar lamuni ta dala 15,000. Ta makara ko da kwana ɗaya ne, naɗin ya rushe, sai ta sake nema. Wa'adin shekara 4 ne, in ya ƙare ta sake zama darasi, ta sake rubuta jarrabawa.

Wannan lamuni yana rikita mutane, saboda haka bari mu warware shi. Ba wai za ta zuba dala 15,000 daga jakarta ba ne. Kamfanin inshora take biya 'yan kuɗi kaɗan ya tsaya mata. Idan ta yi sakaci wani ya yi hasara, kamfanin zai biya wanda aka cuta har iyakar wannan adadi, sa'an nan ya juyo kanta ya karɓi abinsa. Watau jama'a lamunin yake karewa, ita ba ya kare ta. Mai son kare kanta sai ta sayi wata inshora dabam.

Har ila yau, a Kalifoniya dole ta ajiye littafin rajista, ta rubuta kowane aiki: rana, lokaci, irin takardar, katin da aka nuna mata, da sa hannun mai takarda. Idan takardar cinikin gida ce ko ta wakilci, sai mai ita ya dangwala babban yatsansa a littafin. Tun daga 2008 jihar ta hana notari ya ce ai na san shi, ba sai ya nuna kati ba. Ko maƙwabciyarki ce ta shekara 20, sai ta kawo shaida. Iyakar abin da za ta karɓa a kan kowane sa hannu dala 15 ne.

A Fulorida darasin awa 3 ne, lamunin dala 7,500, kuma sai wani da ya san ki fiye da shekara guda ya rantse cewa ke mutuniyar kirki ce. A can notari yana da ikon ɗaura auren hukuma, abin da yawancin jihohi ba su yarda da shi ba. A Niyok akwai jarrabawa amma babu lamuni, lauya kuma ba ya rubuta jarrabawar. Ladan aiki dala 2 ne. A Teksas lamunin dala 10,000 ne. Luwiziyana ta fita daban, domin ta gaji dokar Faransa da Sifen: jarrabawarta mai wuya ce, naɗin na har mutuwa ne, notarinta kuma yana iya rubuta takardun ciniki da wasiyya da kansa. Ga shi ƙasa ɗaya, amma abin da ya halatta a nan ya haramta a can, kuma galibi hatimin jiharki ba ya aiki idan kin tsallaka iyaka kika shiga wata.

Wata tambaya da 'yan'uwanmu da ke zaune a can suke yi ita ce, sai ɗan ƙasa? A da Teksas ta ce sai ɗan ƙasa. Wani mutumin Meziko mai izinin zama ya kai ƙara, a 1984 Kotun Ƙoli ta Amurka ta soke wannan sharaɗi. Saboda haka mai takardar zama ta dindindin tana iya nema.

YADDA MATA SUKA SHIGA

'Yan makaranta, ku buɗe kunnenku a nan. Wannan aiki da mata suka cika yau, kakanninsu sai da suka sha fama kafin a ba su. A 1890 manyan alƙalan jihar Masacuset suka ba da ra'ayi cewa tsarin mulkin jihar bai yarda a naɗa mace notari ba. Sai a 1918 aka gyara tsarin mulkin aka ce mace ta cancanta, amma aka liƙa wani sharaɗi: idan ta canza suna, kamar yadda sukan yi bayan aure, naɗin ya mutu sai an sake. A Karolina ta Arewa majalisa ta yi doka, gwamna ya naɗa wata mata, amma a 1915 babbar kotun jihar ta rushe naɗin, wai notari muƙamin hukuma ne, wanda ba shi da ƙuri'a kuwa ba ya riƙe muƙami. Sai da matan Amurka suka sami 'yancin jefa ƙuri'a a 1920 ƙofar ta buɗe sosai.

Akwai kuma wata tsohuwar al'ada da ta shafi matan aure, wadda aka gada daga dokar Ingila. Idan miji zai sayar da fili ko gidan da matarsa take da haƙƙi a ciki, sai jami'in da zai shaida takardar ya fitar da mijin waje, ya keɓe da matar, ya bayyana mata abin da takardar ta ƙunsa, ya tambaye ta ko da son ranta ta sa hannu, ba don tsoron maigida ba. Wasu jihohin kudu sun riƙe wannan har cikin ƙarni na 20 kafin su soke, saboda ana ganin yana nuna kamar mace ba ta da wayon kanta, kuma sau da yawa tambayar ta fatar baki ce kawai. An soke al'adar, amma dalilinta bai mutu ba. Har gobe ana koya wa notari cewa idan ya ga tsohuwa ta zo tare da ɗa ko jika, shi ke amsa mata kowace tambaya, ita kuwa sai rarraba ido take yi, to ya nemi ya yi magana da ita ita kaɗai. In bai gamsu ba, ya ƙi buga hatimi.

ME YA SA AKE ƘARA TSANANTAWA?

Sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga. Tsagar farko ta bayyana a 2010, lokacin da ake ta ƙwace gidajen waɗanda suka kasa biyan bashin banki. Aka gano cewa a wasu manyan bankuna ma'aikata suna sa hannu a kan dubban takardun rantsuwa ba tare da sun karanta ba, notari kuma yana buga hatimi a kan tulin takardu ba tare da ya ga mai sa hannu ba. A 2012 manyan bankuna 5 suka yarda da sulhu na dala biliyan 25 da gwamnatin tarayya da jihohi 49. Ba ɓarayi ne suka yi wannan ba, ma'aikata ne masu albashi da aka ce su yi sauri, suka bi umurnin maigida.

Tsaga ta biyu ita ce satar gida ta takarda. Ɓarawo zai nemi gidan da ba bashi a kansa, mai shi ya tsufa, ko yana asibiti, ko ya rasu magada ba su raba ba. Sai ya ƙirƙiri takardar ciniki, ya kwaikwayi sa hannu, ya sami notari mai sakaci ko ya sassaƙa hatimin jabu, ya kai ofishin rajistar filaye. Akawun ofishin a al'ada ba ya binciken gaskiyar ciniki, siffar takarda yake dubawa. Kafin mai gida ya farga an ci bashi da gidansa ko an sayar. Ƙwato shi sai an yi shari'a mai tsawo da cin kuɗi.

Saboda haka jihohi suka tashi tsaye. A 2023 Niyok ta wajabta wa notari ajiye rajistar aikinsa har shekara 10, a 2024 kuma ta sanya satar takardar gida cikin manyan laifuffukan sata. Ilinoi ta kawo darasi da jarrabawa daga 2024. Teksas, wadda a da cika fom da lamuni kawai take nema, ta yi doka a 2025 da ta wajabta darasi, ta kuma mai da buga hatimi a bayan idon mai sa hannu laifin da ake ɗauri a kansa, hukuncin ya fi tsanani idan takardar ta fili ce ko gida.

A gefe guda kuma zamani ya kawo nasa. Jihar Bajiniya ce ta fara yin doka a 2011 cewa ana iya shaida takarda ta bidiyo a intanet, mai sa hannu yana wani gari, notari yana wani. Da annobar korona ta rufe ofisoshi a 2020 sai jihohi suka yi ta bin sahu, har fiye da 40 suka yi dokar dindindin. Kalifoniya ta yi tata a 2023, amma ta ba kanta har zuwa 2030 ta gama shiri. Majalisar Wakilai ta tarayya ta amince da wani ƙuduri a 2023 don a sami ma'auni ɗaya a ƙasa baki ɗaya, amma wa'adin majalisar ya ƙare bai zama doka ba.

Masu goyon bayan bidiyo suna cewa ya fi tsaro, tunda ana naɗar zaman a ajiye shekaru, ana kuma gwada katin shaida da na'ura. Wannan gaskiya ne, kuma sauƙi ne ga maras lafiya da sojan da ke ƙasar waje. Amma akwai abin da kyamara ba ta nunawa, watau wanda ke tsaye a bayanta yana zare wa tsohuwa ido. Ga kuma kwamfutocin yanzu da suke iya kwaikwayon fuska da muryar mutum. A ganina, duk yadda aka tsara sharuɗɗa, darasin awa 3 ko awa 6 ba ya sa wa mutum tsoron cin amana. Abin da sharuɗɗan suke yi shi ne su tace masu tabo, su koya wa na kirki inda tarko yake, su kuma bar sawu a littafi don a gane mai laifi daga baya. Sauran ya rage ga mai riƙe da hatimi, ranar da maigidan aikinta zai ajiye mata takarda ya ce, buga kawai, matata ce ta sa hannu a gida. Ranar ce jarrabawar gaskiya. Idan ta buga aka sami matsala, sunanta ne a takarda, ita za a kira kotu. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

MAGANAR KUƊI

Kada wata ta ji wannan ta ɗauka hanyar arziki ce ta dare ɗaya. Kun dai ji ladan: dala 2 a Niyok, dala 10 a Fulorida, dala 15 a Kalifoniya. Waɗanda suke samun abin kirki su ne masu bin mutane gida ko asibiti su karɓi kuɗin tafiya, da masu kai takardun bashin gida wurin masu saye su sa hannu. Wannan sana'a ta yi kasuwa a 2020 da 2021, lokacin da kuɗin ruwa na banki ya faɗi ƙasa kowa yana sabunta bashin gidansa. Masu sayar da darussa a intanet suka yi ta kururuwa cewa ga kuɗi a ƙasa. Da kuɗin ruwa ya hau a 2022 sai aikin ya ja baya, aka bar mata da yawa da hatimi da injin buga takardu, ba mai kira. Amfanin aikin na ainihi shi ne ƙari ne a kan wata sana'a. Sakatariya ko akawun banki mai hatimi ta fi wadda ba ta da shi daraja a ofis, uwar 'ya'ya kuma tana iya tsara lokacinta da kanta.

GARGAƊI GA 'YAN'UWANMU NA CAN

Sunan nan ɗaya ne amma nauyinsa ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Meziko da sauran ƙasashen da suka bi dokar Sifen ko Faransa, notari babban masanin shari'a ne. Haka yake a Jamhuriyar Nijar, inda noter yake rubuta takardun cinikin gida da na kafa kamfani, bayan ya yi karatun shari'a hukuma ta naɗa shi. Saboda wannan ne 'yan damfara a Amurka suke kafa allo, baƙi su ɗauka lauya ne, su ba shi kuɗi ya gyara musu takardun zama, ya ɓata musu lamari. Har Kalifoniya da Teksas suka hana notari fassara sunan aikinsa zuwa Sifaniyanci a talla. Uwargida, idan kina da ɗa ko ƙanwa a can, ki gaya musu: mai hatimin nan na kanti ba lauya ba ne, maganar takardar zama a kai ta wurin lauya.

A NAN GIDA FA?

A Nijeriya tsaka-tsaki muke. Notari dole ya zama lauya wanda ya daɗe yana aiki, Babban Jojin Nijeriya ne yake naɗa shi, sunansa kuma yana cikin rajistar Kotun Ƙoli. Tsohuwar dokar tun ta 1936 ce, a 2023 aka maye ta da sabuwa wadda ta yarda da hatimin lantarki da shaida ta bidiyo. Yawancinmu mun fi sanin kwamishinan rantsuwa na kotu, inda ake yin takardar shekarun haihuwa ko ta canjin suna. Notari kuwa an fi nemansa idan takarda za ta fita waje, kamar ta neman makaranta ko ta wakilci.

To 'yan makaranta, hanyar ku ta fi ta Amurka tsawo: shekara 5 a jami'a, shekara guda a Makarantar Horon Lauyoyi, wadda take da rassa har a Bagauda ta jihar Kano da Yola, sa'an nan shekarun aiki. Amma kada tsawon ya karya muku gwiwa. Mai Shari'a Aloma Mariam Mukhtar, 'yar Arewa, ta riƙe kujerar Babban Joji daga 2012 zuwa 2014, mace ta farko da ta hau. A 2024 aka naɗa ta biyu, Mai Shari'a Kudirat Kekere-Ekun. Watau hannun mace ya riga ya sa hannu a takardar naɗa masu hatimi a ƙasar nan. Muna bukatar lauyoyi mata masu jin Hausa, waɗanda matar da ke cikin takaba za ta zauna da su ta faɗi abin da ke ranta ba kunya.

Ku kuma matan aure, idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Rikicin fili da gado ba baƙonmu ba ne. Kada ki sa hannu ko ki dangwala yatsa a takardar da ba a karanta miki ba, kuma wanda zai karanta ya zama ba shi da rabo a cikin cinikin. Kada ki sa hannu a takardar da aka bar gurbi ba a cike ba, wai za a cike daga baya. Kada ki yarda a ce an kai takardarki kotu an buga hatimi ke kina gida. Rantsuwar da ba ki je ba, ba taki ba ce, amma da sunanki za ta yi aiki. Takardar wakilci ta fi kowacce hatsari, domin mabuɗin dukiyarki ce kike miƙawa. Ki tabbatar an rubuta abin da wakilin zai yi da ranar da wakilcin zai ƙare. Kowace takarda kika sa wa hannu, ki karɓi kwafinki ki adana inda kike adana gwal ɗinki. In an raba gado an ba ki fili, ki sa a rubuta da sunanki da shaidu tun masu shaidar suna raye. Neman a rubuta ba rashin yarda da ɗan'uwa ba ne, addininmu ma ya yi umurni a rubuta bashi a kafa shaidu.

Matar nan ta Fulorida ba ta yi wani abin mamaki ba. An tambaye ta, ta faɗi gaskiya cewa ba ta ga mai takarda ba, maganarta kuwa ta yi nauyi a gaban alƙali saboda doka ta ɗauki mai hatimi a matsayin wanda ba ya shaida abin da bai gani ba. Duk darussa da jarrabawa da lamuni da jihohin Amurka suke ƙarawa, wannan amana suke ƙoƙarin tsarewa. Allah ya ba mu masu riƙon amana, ya tsare mana gidajenmu da haƙƙin marayunmu, amin.

Mai tambaya a kan takardun fili ko na gado ta rubuto wa wannan fili, za mu nemi masana su amsa.